Macijin da ba a gani: zare kan guba a ruwa da ƙasa, daga Kusugu zuwa Bagega

1/ Yau zaren tarihi ne, mai ɗan tsawo, sai ku yi haƙuri da ni. Zan ɗauko shi daga gida Daura, mu leƙa Tsibirin Gobir, mu shiga Zamfara, mu ratsa Kano, sannan mu dawo. Magana ce kan yadda ruwa da ƙasa suka riƙa cutar da mutanenmu ido bai gani ba. 🧵

2/ Duk ɗan Daura ya san labarin Kusugu tun kafin ya shiga firamare. Rijiya ga gari guda, maciji a ciki ana ce masa Sarki, ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya sauka gidan tsohuwa Ayana da dare, ya roƙi ruwa, ta ce babu. Sauran kun sani: Bayajidda, Daurama, Bawo, Hausa Bakwai.

3/ Masana tarihi na ta muhawara kan abin da ya faru da abin da baki ya ƙara. Wannan na wata rana ne. Abin da nake so ku lura da shi shi ne, labarin asalinmu kacokan a kan ruwan sha aka gina shi. Wanda ya buɗe wa mutane rijiya, shi aka ga ya cancanci auren sarauniya.

4/ Ku kuma lura, macijin nan abokin gaba ne da ya fito fili. Ana ganinsa, an san sunansa, an san ranar da yake bari. Hana ruwa ya yi, bai zuba komai a ciki ba. Wuƙa ɗaya daga maƙeran Gaya ta gama da shi. Waɗanda suka biyo bayansa kuwa ba su da kan da za a sare.

5/ Shekaru aru-aru, cutar ruwa a ƙasar Hausa daga sama take zuwa. Rijiya marar murfi, tafki, kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini ya cika da damina. Mutum ya sha, dabba ta sha, a yi wanki a gefe. Daga nan amai da gudawa, daga nan tsargiya, daga nan kurkunu.

6/ Zamanin En'e akwai duba-gari. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarinsu: su shigo gida su leƙa randa, su duba shadda, su duba bakin rijiya, in sun ga ƙazanta a ci tara. Ana tsoronsu ƙwarai. Amma kayan aikinsu ido ne da hanci. Abin da ya wuce nan ba su da yadda za su gane shi.

7/ Kurkunu ma yaran yanzu ba su san shi ba. Ka sha ruwan tafki bana, sai baɗi tsutsa mai tsawon kusan mita ɗaya ta fasa maka ƙafa, sau da yawa daidai lokacin noma. A ƙidayar 1988 an samu mutum sama da 650,000 da ita a Najeriya, fiye da kowace ƙasa a duniya.

8/ Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, da Janar Yakubu Gowon, da dubban ma'aikatan lafiya na ƙauyuka suka sa ta gaba. Tace ruwa da ƙyalle, zuba magani a tafki, haƙa rijiyar burtsatse. Mutum na ƙarshe da ya kamu a Najeriya a 2008 ne. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gama.

9/ To kun ga dalilin da ya sa muka yarda da burtsatse ido rufe. Bayan farin 1973 da na 1984 rijiyoyin hannu da yawa sun ƙafe. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 1981 zuwa 1990 a matsayin shekarun samar da ruwan sha. Ko'ina injin haƙa. Fahimtar kowa ita ce: in ruwa ya fito daga zurfi, garau yake.

10/ Yawanci haka ɗin ne. Amma mu tsallaka iyaka mu ga inda ba haka ba. Tsibiri, wadda a takardun Nijar ake rubuta Tibiri, gari ne kusa da Maraɗi. Gobirawa suka kafa shi bayan yaƙin Gawakuke na 1836, zamanin Sarkin Gobir Mayaƙi. 'Yan'uwanmu ne na Hausa Bakwai, harshe ɗaya, tuwo ɗaya.

11/ A 1985 aka fara ba garin ruwan famfo daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi, ƙarƙashin hukumar ruwa ta gwamnati. Ku sa kanku a matsayin matan garin. Jiya kina jan guga, yau ki murɗa famfo ruwa ya zubo fari tas, ba wari, ba laka. Wa zai yi zargin irin wannan ruwa?

12/ Ashe ruwan na ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da kima. Ba wanda ya zuba shi, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa. Kaɗan daga cikinsa na ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce miligiram 1.5 a lita. Na Tsibiri ya ninka haka sau uku zuwa huɗu.

13/ Ba shi da ɗanɗano, ba shi da launi. Tacewa da ƙyalle ba ta cire shi. Tafasawa ma ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi take yi tunda ruwan ne ke tashi shi ya zauna. Ga mu a ƙasa mai zafi, yaro na shan ruwa da yawa. Kullum kaɗan-kaɗan yana taruwa a ƙashin da bai gama ƙwari ba.

14/ Alama ta farko a baki ta fito. Haƙoran yara suka fara dabbare-dabbare, suka koma ja-ja kamar na tsohon mai cin goro. Daga baya ƙafafu suka fara lanƙwashewa, wasu gwame wasu baka, gaɓoɓi na ciwo, girma ya tsaya. Wasu yaran tafiya ma ta gagare su.

15/ Sai wajen 2000 aka tabbatar a hukumance cewa ruwan ne, aka daina amfani da rijiyar. Shekara goma sha biyar kenan. Yaran da abin ya shafa sun haura 4,000, ɗaruruwa daga cikinsu sun naƙasa naƙasar da ba ta gyaruwa. Tsara guda ta gari guda.

16/ Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Nijar, ANDDH, ta ɗauki maganar, ƙungiyar FIDH ta duniya ta fitar da rahoto a kai a 2002. Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne: awon fuloraid ba wani aiki ne mai tsada ba. Kwalbar ruwa ɗaya da ɗakin gwaji. Da an auna an kuma yi aiki da sakamakon, da labarin ya sauya.

17/ Yanzu mu dawo Najeriya, mu yi yamma zuwa Zamfara. Nan guba ba daga ruwan zurfi ta fito ba, a buhu aka shigo da ita gida. Kuma farkon labarin ba a Anka yake ba, a kasuwar zinariya ta duniya yake.

18/ A 2001 oza ɗaya ta zinariya ba ta kai dala 300 ba. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 masu kuɗi suka ruga sayen zinariya, zuwa 2010 oza ta haura dala 1,200. Manomin da gero ba ya kai shi baɗi ya ga dutsen bayan garinsu ya zama kuɗi. Ku faɗa min, wa zai ƙi?

19/ Matsalar ita ce wasu duwatsun yankin zinariyarsu a cakuɗe take da dalma mai yawan gaske. A fasa dutsen da guduma, a kai injin niƙa irin na hatsi, ya zama gari, a wanke, a sa zaiba ta kama zinariyar. Niƙan nan a bushe ake yin sa. Ƙura ta tashi ta sauka ko'ina.

20/ Kuma a cikin gari ake yi, har cikin gidaje. Mata na daka dutsen a turmi don su ma su samu na kashewa, a shanya a tsakar gida. Tsakar gidan da yaro ke rarrafe, ya ɗau ƙasa ya kai baki, ya tsotsi yatsa. Jikin ƙaramin yaro na zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba.

21/ Kun san su wa suka fara ba da labari? Agwagi. A farkon 2010 mutanen ƙauyukan sun lura agwaginsu na ƙarewa. Agwagwa a laka da kududdufi take kiwo, ita ta fara haɗiyar gubar. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Wa zai tara mutane don agwagwa ta mutu?

22/ Sai yara. Amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, mutuwa. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta nagari na kowa, MSF, da ke yawon sa ido kan sanƙarau suka ci karo da abin. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙwayoyin cuta, shiru. Sai da aka aika jini Turai aka auna: dalma ce.

23/ Ga adadin da ba na iya mantawa. A ƙauyuka biyu, Dareta a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum, masu bincike sun bi gida-gida. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara ɗaya. Yaro ɗaya cikin huɗu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

24/ A Amurka a lokacin, in dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan a ƙasar da yara ke wasa, an shiga haɗari. A wasu wurare na ƙauyukan nan an auna sama da 100,000. Wato ka debi ƙasa mudu goma, kusan mudu ɗaya dalma ce. Jimillar yaran da suka rasu ta haura 400.

25/ Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta zo ta auna ruwa a ƙarshen 2010. Kududdufan da dabbobi ke sha cike da dalma, wasu rijiyoyin hannu ma sun wuce iyaka, amma ruwan burtsatse lafiya lau. Ku haɗa da Tsibiri: can na zurfi ne guba, nan na sama. Kenan ba wata ƙa'ida ta ido. Awo ne kawai ke rabawa.

26/ Wani abin tausayi: an samu inda mutane suka riƙa ɓoye mutuwar yaransu, don tsoron kada hukuma ta hana haƙar. Kada ku yi saurin zaginsu. Mutumin da bai taɓa riƙe kuɗi mai kauri ba sai da dutsen nan, ka ce masa abincinsa ne ke kashe ɗansa, ba ranar farko zai yarda ba.

27/ Magani akwai, wanda ke kama dalmar a jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma likitoci suka ce ba amfanin ba yaro magani ya koma tsakar gidan da ta sa masa cutar. Dole a fara share garin. A kankare saman ƙasa gida-gida, a kwashe a binne a rami na musamman, a zubo sabuwa.

28/ Haka aka yi wa ƙauyuka bakwai daga 2010 zuwa 2011, da taimakon injiniyoyin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith da ma'aikatan jiha. Saura Bagega, wadda ta fi su girma, ta fi su gurɓata. Yara wajen 1,500 na jiran magani, magani na jiran shara, shara na jiran kuɗi daga Abuja.

29/ A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. Watanni suka yi ta wucewa ba labari. Nan ne tarihin ya shigo dandalin da muke kai yanzu. Wani matashi, Hamzat Lawal, da abokansa suka ɗauko #SaveBagega, suka kafa Follow The Money, Human Rights Watch ta sa baki.

30/ A ƙarshen Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin. Aka share Bagega, yara suka fara karɓar magani a shekarar. Duk mai cewa surutun intanet ba ya komai, ga amsarsa. Sai dai ku tuna, kusan shekara uku kenan da gano cutar. A jikin yaro ɗan shekara biyu, shekara uku rayuwa ce guda.

31/ Kuma wanda ya rayu bai tsira duka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta da ji, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Tana ɓuya a ƙashi, yarinya ta girma ta yi ciki, ta gangara wa jariri.

32/ An ɗauki darasi? A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Haƙar zinariya, niƙa a gida, yara 28 suka rasu. Shekara biyar kacal bayan Zamfara, labari iri ɗaya sak. MSF kuwa sai 2022 ta miƙa aikin Zamfara ga hukumomin jiha, bayan ta yi wa dubban yara magani.

33/ Abin da ya yi aiki shi ne gyara sana'ar, domin hana ta ba ya ɗorewa. A fitar da niƙa bayan gari, a jiƙa dutsen kafin a niƙa don kada ƙura ta tashi, mahaƙi ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. Abubuwa ne da talaka zai iya.

34/ Kano kuma a taƙaice. Jima tsohuwar sana'armu ce. Majema na amfani da bagaruwa da toka, fatar jan akuya ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Warin majema kowa ya san shi, amma abin da ke fita daga can ƙasa na iya cinye shi.

35/ Kamfanonin fata na zamani a Bompai da Sharaɗa da Challawa gishirin kuromiyam suke jima da shi. Ya fi sauri nesa ba kusa ba, sai dai ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Ruwan Bompai na bi ta rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai. Na kudu kuma ya faɗa kogin Challawa.

36/ A bakin rafukan nan ake noman rani: latas, kabeji, alayyahu, karas. Masu bincike daga Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello sun shafe shekaru suna auna ruwan da ƙasar da ganyen da kifin, suna samun ƙarafa masu guba. Wannan ba ya kashe yara ɗari a wata ɗaya, shi ya sa ba ya shiga labarai.

37/ To me ya haɗa wannan duka da Daura? Ba cewa nake rijiyoyinmu na da guba ba, kada a juya min magana. Cewa nake mutanen Tsibiri da na Dareta ma ba su da dalilin zargin komai, har ranar da aka auna. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san sauran.

38/ Ku duba yawan burtsatse a Daura da Mai'aduwa da Zango da Sandamu da Baure a yau. Ta ɗan siyasa, ta masallaci, ta mai neman lada, ta mai sayar da ruwan leda. Allah Ya saka musu. Tambayata ɗaya ce: bayan ruwa ya fito an yi kabbara, an kai kwalba ɗakin gwaji? Takardar tana hannun wa?

39/ Najeriya na da ma'aunin ruwan sha a rubuce tun 2007: fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, dalma 0.01. Kenan ba roƙon alfarma ba ne in mai unguwa ko kwamitin masallaci ya ce a nuna masa sakamakon awo kafin a buɗe famfo. Kuɗin awo bai kai na tankin da ake ɗorawa a sama ba.

40/ Zinariya ma ba ta yi mana nisa ba. A 2021 aka ruga haƙa a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, dab da iyakar Katsina, har rami ya rufta ya kashe mutum akalla 18 a watan Nuwamba. Samarinmu na zuwa irin wuraren nan ci-rani. Don Allah duk mai zuwa, kada ya kawo dutse ko kayan aikinsa cikin gida.

41/ Akwai kuma dalmar da ke gidajenmu tuntuni. Kwallin dutse mai ƙyalli, asalinsa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston, ɗan 'yan Najeriya, da aka samu dalma a jininsa. Kwallin da ake sa masa aka auna, sama da kashi 80 cikin 100 dalma.

42/ Na san wannan zai yi wa iyayenmu mata nauyi, domin ado ne da muka gada, kuma da ƙauna ake sa shi. Amma jariri na murza ido ya kai hannu baki. Hajiya, Inna, Gwaggo, a yi haƙuri a ɗaga wa jarirai ƙafa. Kyan ido bai kai lafiyar ƙwaƙwalwa ba.

43/ Sai tsofaffin batiran mota da na sola, da suka yi yawa yanzu. Cikinsu farantan dalma ne. Mai fasa su ko narka su a cikin unguwa, ƙaramar Bagega yake haɗawa a ƙofar gidansa. Haka jarkar maganin feshi da aka wanke aka mayar ta ruwan sha ko ta man gyaɗa.

44/ In kun bi zaren nan, za ku ga abu ɗaya na maimaituwa. Kullum akwai alamar farko, kuma a wurin marasa murya take fitowa: haƙoran yara a Tsibiri, agwagi a Zamfara, kifi a Wasai. Uwa da makiyayi da masunci su ke fara gani. Tsakanin ganinsu da zuwan mai awo, nan ake asarar rayuka.

45/ Don haka in ka ga yaran unguwa ɗaya haƙoransu na sauya launi tare, ko dabbobi na mutuwa a bakin tafki ɗaya, ko yara na jijjiga maganin zazzaɓi bai yi ba, kada a tsaya a "iska ce". A yi addu'a, a kuma kai wa mai unguwa da asibiti da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a nemi a auna ruwa da ƙasa da jini.

46/ Masarauta na da rawar takawa a nan. Tsarin hakimi, dagaci, mai unguwa ya kai kowane lungu, shi aka bi aka yi rigakafin shan inna. In aka ce duk sabuwar burtsatse sai an ajiye kwafin takardar awonta wurin dagaci, ba sabuwar doka ake buƙata daga Abuja ba. Duba-gari ne na wannan zamani.

47/ Nan zan tsaya. 'Yan'uwa na Maraɗi da Zamfara da ke nan, ku ƙara mana da abin da kuka gani da idonku, ku kuka fi mu sani. Wanda ke da hannu a wata rijiya a unguwarsu, ya tura wa kwamitin zaren nan. Allah Ya jiƙan yaran da suka rasu, Ya ba masu jinya lafiya, Ya tsare mana zuri'a. Amin.